Takardar shaida ba ta bin buhun waken suya

Jama'a, ni fa na daina ruɗuwa da tambarin da kamfanoni ke mannawa a kayansu, wai waken suyarsu "ba a sare daji ba" wajen nomansa. Kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyar duniya cikin kaji da aladu da shanu da kifi yake tafiya. Mai cin ƙwai ko nama ya ci waken, ko da bai taɓa ganin ƙwayarsa ba. Shi ya sa maganar ta shafe mu duka.

A yi adalci, an taɓa yin abin kirki. A 2006 manyan 'yan kasuwar waken a Birazil, irin su Cargill da Bunge, suka amince ba za su sayi wanda aka noma a sabon saran dajin Amazon ba, daga baya aka tsayar da Yulin 2008 a matsayin iyaka. Aka sa tauraron ɗan'adam yana duba gonaki, saran da ake yi domin waken kuma ya ragu ƙwarai.

To amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yarjejeniyar ba ta haɗa da Cerrado ba, wato makeken dajin nan mai ciyawa da gajerun itatuwa da ke shayar da manyan kogunan ƙasar. Dokar Birazil ta ce mai gona a Amazon ya bar kashi 80 na filinsa daji, a Cerrado kuwa kashi 20 zuwa 35 kacal. Saboda haka mutum zai share dubban kadada a jihohin Bahia ko Piauí, inda Cerrado ya ratsa, kuma bai karya doka ba. Yau kusan rabin Cerrado ya tafi. Ita ma dokar Tarayyar Turai ta 2023 mai hana shigo da kayan da aka sare daji wajen nomansu, wadda a ƙarshen 2024 aka ɗage fara aiki da ita, kurmi ta fi karewa, ta bar yawancin irin wannan daji a waje.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sayen takarda. Kamfani zai biya wani manomi mai shaidar RTRS (ƙungiyar da ke ba da shaidar cewa an noma waken suya ba tare da ɓarna ba) kuɗin shaidar kawai, sannan ya sayi wakensa na ainihi a kasuwa, wanda dillalai suka tara daga gonaki barkatai aka cakuɗa a rumbu ɗaya. Manomin kirki ya ɗan samu wani abu, ban ƙi ba. Amma waken da ke cikin jirgin ruwan wa ya san asalinsa?

Ga kuma Sin, wadda ke kwashe kusan kashi 60 na waken da ake fitarwa a duniya. Muddin ita ba ta nemi sanin gonar ba, wanda Turai ta ƙi saya jirgi kawai zai sauya, ya nufi gabas.