Jamus da ake ji a gida, da Jamus da nake kwana a cikinta

Wata asuba cikin hunturun da ya wuce ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta garin da nake zaune, a yammacin Jamus, ina jiran jirgin da zai kai ni wurin aiki. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, ƙarfe shida kuma ake karɓar aikin safe. Gari bai waye ba, don a nan cikin Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe takwas. Sanyi yana ratsa safar hannu. Mutane sun jeru suna kallon layin dogo, kowa da abin sauraro a kunne, babu mai ce wa wani ina kwana. A can gefe an zana wani ɗan fili da fenti ruwan ɗorawa, nan kaɗai aka yarda a sha taba, mashaya sun cure a ciki. Ƙamshin burodi yana tasowa daga wani shago da ke ƙarƙashin tashar. Wata tsohuwa Bajamushiya, tsaf da ita, tana bin kwandunan shara da 'yar tocila tana zaro robobin lemo, saboda kowace roba in ka mayar da ita kanti za a ba ka santi 25.

Allo ya nuna jirgi zai makara da minti 10. Ya koma 25. Can sai lasifika ta ce an soke shi gaba ɗaya, a yi haƙuri. Wani dattijo kusa da ni, da doguwar kwat da jakar fata irin ta manyan ma'aikata, ya ɗaga murya ya ce, "Shi ke nan, mun zama Afirka." Sannan ya juyo ya dube ni ya yi murmushi, yana jira in gaskata shi.

Ban tanka masa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ƙasarsa ce ta kasa kawo masa jirgi. Injiniyoyinsu ne, gwamnatinsu ce, kuɗin harajinsu ne, har da wanda ake yanka daga albashina duk wata. Amma da ya tashi neman sunan da zai kira lalacewa da shi, namu ya ɗauko, kuma ya ga babu laifi ya nemi ni in zama shaida.

Ku da ke gida kun san girman sunan Jamus a wurinmu, ba sai na faɗa muku ba. In mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa ya ce maka "wannan ɗan Jamus ne", ciniki ya ƙare, sai dai ka lalubi aljihu. Golf da Sharon ɗin da ke jigila a hanyoyin Arewa, an gama cin moriyarsu a Turai tun tuni, amma har gobe suna ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu suna tafiya. Julius Berger tun daga gadar Eko a shekarun 1960 har titunan Abuja, sunansa ya zama ma'aunin aiki mai ƙarko. Iyayenmu kuwa tun 1963 suke kama Muryar Jamus da Hausa a rediyo. Da wannan hoton na sauka ƙasar nan. To, gani ya kori ji.

A 2024, jiragen ƙasa masu tafiya mai nisa a Jamus kashi 62 da 'yan kai cikin ɗari ne kawai suka isa a kan lokaci, kuma jirgin da aka soke ɗungurungum ba ya ma shiga lissafin. Abin ya kai maƙwabtansu 'yan Suwizalan suna tsayar da jirgin Jamus da ya makara a birnin Basel, a sauke fasinjoji su canza, don kada ya ɓata musu tsari. A Satumban 2024 wani sashe na gadar Carola ya rufta cikin kogin Elbe a tsakiyar birnin Dresden, Allah ya kiyaye cikin dare ne babu kowa a kai. Wata babbar gada a kan titin A45 kusa da Lüdenscheid an rufe ta a ƙarshen 2021 saboda ta tsage, aka tarwatsa ta da nakiya a 2023, manyan motoci suka yi shekaru suna ratsa cikin gari. Sabon filin jirgin saman Berlin da aka ce za a buɗe a 2011, sai 2020 ya buɗe. Lokacin korona, ofisoshin lafiya da na'urar fakis suke aika adadin waɗanda suka kamu. Ni kaina, takardar da a Kano ɗan kasuwa zai turo maka ta WhatsApp cikin minti ɗaya, a nan sai ka jira ta a akwatin gidan waya, in ta zo kuma ka cike da biro ka mayar.

Su suka jawo wa kansu. A 2009 suka rubuta a tsarin mulki cewa gwamnati ba za ta ci bashi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Suka yi shekaru suna tinƙaho da wannan doka, suna yi wa Girka wa'azin tsimi, alhali layin dogo da gadoji da rufin makarantu suna ruɓewa a gida. Sai a Maris ɗin 2025 majalisa ta gyara tsarin mulkin, aka ware yuro biliyan 500 don gyaran abubuwan da aka bari suka lalace.

A waje kuwa, ni yadda na fahimta, ƙarfin Jamus a kan abu uku ya jingina, kuma babu ko ɗaya da yake nata. Iskar gas mai araha daga Rasha, wadda kafin yaƙin Yukiren ta haura rabin abin da suke shigowa da shi. Kasuwar Chaina mai sayen motocinsu da injinansu. Sai sojan Amurka da ke gadinsu, dubun-dubata, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gas ya yanke a 2022, aka fasa bututun Nord Stream a ƙarƙashin teku, su kuma a Afrilun 2023 suka kashe tashoshin nukiliya uku da suka rage musu. Chaina ta koyi ƙera mota, har kamfanin BYD ya ƙwace wa Volkswagen kambu a can. A ƙarshen 2024 Volkswagen ɗin nan da muke ji ya sanar zai rage ma'aikata 35,000 a Jamus kafin 2030. Tattalin arzikin ƙasar ya ja baya a 2023, ya sake ja a 2024. Da Rasha ta jibge soja a iyakar Yukiren, abin da Jamus ta fara miƙawa hulunan ƙarfe 5,000 ne, duniya ta yi ta surutu, sai daga baya shugaban gwamnatinsu na lokacin, Olaf Scholz, ya ware yuro biliyan 100 don farfaɗo da sojansu. Kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa shekara da shekaru suna nema, shiru.

Ko a ƙasarmu ku duba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna 'yan Chaina ne suka gina shi. Yarjejeniyar da gwamnatin Buhari ta ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 cewa ta yi za a kai wutar lantarkinmu megawat 25,000 kafin 2025, ga shi har yanzu a wajen 5,000 muke lilo. Na san kaso mafi tsoka na laifin namu ne. Amma da can in Bajamushe ya sa hannu a aiki, ana ganin aikin.

Abin da ya fi zubar musu da ƙima a idona shi ne Gaza. Ƙasar nan ba ta da aiki sai koya wa duniya haƙƙin ɗan Adam. Kowane minista nasu in ya je Afirka sai ya yi lacca. Amma ita ce ta biyu bayan Amurka wajen sayar wa Isra'ila makamai, har Nikaraguwa ta kai ta kotun duniya a 2024. Na san tarihinsu, na san kisan Yahudawa miliyan shida da 'yan Nazi suka yi, kuma ba na raina yadda suka rungumi wannan laifi suna koya wa 'ya'yansu a makaranta. Ƙasashe kaɗan ne suka yi haka. Sai dai kafin wannan, tsakanin 1904 da 1908, sojan Jamus sun yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya, kuma sai 2021 suka amsa laifin a hukumance. Shi ya sa da Jamus ta ce za ta tsaya wa Isra'ila a ƙarar kisan ƙare dangi a Gaza da Afirka ta Kudu ta shigar a kotun duniya, marigayi shugaban Namibiya Hage Geingob ya fito ya tuna musu. Laifi tudu ne. A Berlin ɗin nan aka zauna a 1884 aka tsara yadda za a raba Afirkar da dattijon tasha yake misali da ita.

Kada wani ya ce na rufe ido. Komai ramar giwa ta fi kwando goma. Jamus mai mutum miliyan 83 da ɗoriya ita ce ta uku a tattalin arzikin duniya, ta wuce Japan a 2023. Ɗaukewar wuta a nan, in aka raba wa kowane gida, ba ta kai minti 15 a shekara. Ina tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ina kiran gida wayoyi duk a kashe. In jirgi ya makarar da kai awa ɗaya, doka ta ce a mayar maka da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikiti, kuma ana mayarwa. A 2011 ministan tsaronsu ya sauka daga kujera saboda an gano ya yi kwafe a kundin digirinsa na dakta. Da aka bankaɗo taron da masu ƙin baƙi suka yi a Potsdam kan yadda za a kore mu, Jamusawa dubu ɗaruruwa suka fito titi cikin sanyin Janairun 2024 suna cewa ba da yawunsu ba. Na shiga cikinsu, na ga tsofaffi da sanduna, na ji daɗi ƙwarai. Amma bayan shekara ɗaya jam'iyyar AfD, wadda ba ta ɓoye ƙinmu, ta zo ta biyu a zaɓe da ƙuri'a ɗaya cikin kowace biyar. In na shiga bas yanzu, lissafin nan nake yi a zuci.

Ga abin da ba a gaya wa yaran da ke turo mini saƙo kullum, "Yaya, a samo mana hanya." Ƙasar nan tsufa take yi. Tun 1972 babu shekarar da haihuwa ta fi mutuwa. Fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya kai shekara 65. Masanansu da kansu suna cewa sai an shigo da ma'aikata wajen 400,000 duk shekara kafin lamura su tsaya daidai. A sashen da nake aiki, in ka cire shugabar, daga ɗan Filifin sai 'yar Bosniya sai ɗan Tunisiya sai 'yar Kamaru sai ni. Mu muke tada iyayensu da safe, mu yi musu wanka, mu canza musu ƙunzugu, mu ba su abinci a baki da cokali.

Akwai wani tsoho a ɗakin ƙarshe, ya yi rayuwarsa yana aiki a masana'antar ƙarfe. Ɗakin fes, gado mai ɗagawa da maɓalli, magani a kan lokaci, hotunan jikoki a jere a kan taga. Kusan yuro 3,000 ake biya masa duk wata ban da abin da inshora ke bayarwa. Ɗansa yana wani gari da bai fi tafiyar awa biyu ba, yana zuwa lokacin Kirsimeti da ranar haihuwar uban, ya kawo fure, ya zauna ɗan lokaci yana duba agogo. In na gama shafa wa tsohon mai a ƙafa, sai ya riƙe mini hannun riga ya ce in ƙara minti biyu. Ba ni da minti biyun, don akwai wasu a gaba kuma komai a rubuce yake. Wanda ya mutu babu mai nemansa, hukumar gari ce ke ɗaukar nauyi, yawanci a ƙone gawar a binne tokar babu ko mutum biyar a wurin. Na halarci irin wannan, na dawo gida na kasa cin abinci.

Mu ba mu da gado mai maɓalli. Tsofaffinmu da yawa suna mutuwa da cutar da magani kaɗan zai warkar, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma kun san yadda ɗakin tsohuwa yake a gidajenmu, kun san ba ya rabuwa da takalma a bakin ƙofa. Don Allah a gaya mini da wane ma'auni aka auna aka ce su ne a sama mu ne a ƙasa, a kowane fanni, har abada.

Sai dai in na faɗi haka, zuciyata takan tambaye ni: to kai me kake yi a nan? Hajiyarmu tana Zariya, ƙafa ta fara gagararta. Ƙanwata ce ke ɗawainiya da ita, ga 'ya'yanta ga aikin koyarwa. Ni kuɗi nake turawa, hannuna kuwa yana kan iyayen wasu. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Maris ɗin 2024 ta ba ƙwararrun ma'aikata damar kawo iyayensu, amma waɗanda suka sami takardar zama daga wannan lokacin ne, mu da muka riga su zuwa ba ma ciki, kuma sai ka iya ɗaukar ci da sha da inshorar lafiyar tsoho, abin da albashin mai jinya ba zai ɗauka ba. Ko da ma an ba ni dama, na taɓa yi mata maganar a waya, ta ce, "Ɗan nan, in na zo can wa zai riƙa shigowa gaishe ni? Ka bar ni a ɗakina."

Na gaya wa uwargida in babban yaronmu ya gama firamare mu tattara mu koma, tun Hausarsa ba ta gama zubewa ba, tun Hajiya tana gane mutane. Ita ba ta yarda ba tukuna. Tana kawo maganar asibiti da makaranta da hanyar Kaduna, kuma tana da hujja. Muna nan muna ja.