Bitar tsofaffin tambayoyi ba ta wadatar ba

Na karanta wani rahoto kan yadda makarantun sakandare ke shirya ɗalibai domin jarrabawar bai-ɗaya ta karatu da lissafi, kuma a matsayina na malami ina da tsokaci. Bitar tsofaffin tambayoyi tana koya wa yaro kiyaye lokaci, amma ba ta taɓa inda gizo ke saƙa. Na sha ganin ɗalibin da ya iya ninkawa da rabawa sarai, amma da zarar an lulluɓe lissafin cikin jimloli uku sai ya yi tsuru-tsuru yana tauna biro, domin bai gane abin da ake tambaya ba. Irin wannan yaro karatun fahimta yake buƙata kullum tun daga ajin farko, ba sai jarrabawa ta ƙarato ba.