Yadda Excel ya mayar da dekin ɗin Islamiyyarmu zamanin Gwamna Lugga

Duk wanda ya ƙara ce min Ɗan Lugga a majalisa wallahi ni da shi ne. Tunda an ƙi bari maganar nan ta mutu, gara in faɗa da bakina kafin a gama zuba mata gishiri.

Kun dai san ginin saman Islamiyyar unguwarmu, ajujuwa ukun nan da aka shekara biyu ana cewa wata mai zuwa. An sa ni a kwamiti ne kawai don ina da laftof. Ni kuma da rawar kai na ce zan yi musu jadawalin Gantt, irin wanda kowane aiki ke da sandarsa a kwance daga ranar farawa zuwa ranar gamawa, kana kallo ka san kafinta ba zai hau ba sai birkila ya sauko. Sunan wani injiniya ne ɗan Amurka, Henry Gantt, tun wajen 1910 yake zana abinsa a takarda lafiya lau.

Excel ba shi da wani maɓalli da za ka danna ya ba ka Gantt, dabara ake yi. Ka jera sunan aiki, ranar farawa, da kwana nawa zai ci, ka sa ya zana maka sanduna masu goyon juna, sai ka cire wa ta ranar farawa launi ta ɓace, ta biyun ta tsaya tana reto a daidai kwanakinta. Na kuma ɗaure ayyukan da lissafi, wannan na ƙarewa wancan ya kama washegari. Har kwana 21 da birkilanmu ya ce sai dekin ya yi kafin a cire katakon ƙasa na saka. Dare uku na yi a kai, ya yi kyau kamar a ci.

Ranar taro bayan isha'i, an aro majigi, an haska bangon aji ɗaya, dattawa sun zazzauna a bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Sai na ga na baro caja a gida, kuma laftof ɗina batirinta ya daɗe da rasuwa, caja ce ke riƙe da ranta. Alhaji shugaba ya aika aka ɗauko laftof ɗin gidansa, tokumbo ce daga Amurka, autansa ɗan aji ɗaya na sakandare ya kawo ya tsaya bakin ƙofa. Na soka filas, jadawali ya fito, na ji ana ta masha Allah, kaina ya fara girma.

Baba Hedimasta ne ya fara. Wai shi a saninsa daga sama ake fara karatu, to ya ga fenti a sama, ɗaurin rodi can ƙasa, da fenti za mu fara ke nan? Gaskiyarsa ce, Excel yana kife jerin ne in ba ka juya shi da kanka ba, ni kuma idona ya saba ban lura ba. Allah ya saka wa birkila da alheri, ya ce haba Baba ai gini daga ƙasa yake tashi, yaron nan daidai ya yi. Na gyaɗa kai kamar da gangan ne.

Sai Alhaji ya nuna wani kwanan wata ya ce ɗana wannan 9/1 ɗin, tara ga Janairu ke nan? Na ce a'a Alhaji ɗaya ga Satumba ne, kwamfutar ce ta Amurka, su wata suke fara rubutawa kafin rana. Da bakina fa na faɗa. Da bakina. Ko minti biyu ba a yi ba birkila ya ce zuba dekin ran takwas ba zai yiwu ba, rodi bai iso daga Panteka ba, a mayar sha biyar. Na ce ai wannan ne amfanin abin, ku zuba ido ku ga yadda komai zai matsa da kansa. Har da ɗaga yatsa sama. Na rubuta 15/9/2025 na danna.

Komai ya matsa kam.

Sandunan nan masu launi da na yi dare uku ina wa kwalliya suka ɓace, sai wasu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, biyu can ƙuryar dama, sauran can ƙuryar hagu, tsakiya fayau kamar filin idi ran Talata. Layin kwanan wata kuma daga dekin har fenti ya cika da #VALUE! #VALUE! #VALUE! Aji ya yi tsit, ƙarar janareta kawai kake ji. Ma'aji ya matso da bencinsa, shi ka san duk inda ya ga alamar # naira yake gani, haka yake rubuta ta a littafinsa, ya ce to wannan kuɗin na mene ne kuma, nawa ne, don ni ba a gaya min ba. Na ce ba kuɗi ba ne Alhaji. Ya ce to me ya sa aka sa naira.

Baba Hedimasta ya miƙe. A hankali. Ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya hura musu iska, ya goge da bakin riga, ya taka har gaban bango inuwarsa ta rufe rabin jadawalin, ya ɗora yatsa a kan kwanan watan farko ya karanta da irin muryar da yake kiran rajista, ɗaya, sifili, dubu ɗaya da ɗari tara. Ya juyo ya ce tunda ɗan namu ya koya mana wata ake fara rubutawa, wannan Janairu ke nan, ran sifili ga wata, 1900. Ya ce jama'a ran 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ashe mu a jajibirin ranar muka zuba dekin. Ya ce hedikwatar Arewa ma sai 1917 ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna, wato benenmu ya girmi garin, kamata ya yi a kira mutanen gidan tarihi su zo su kewaye shi.

Wallahi har liman sai da ya sa rawani ya toshe baki. Birkilan da ya kare ni ɗazu ya kwanta a kan benci yana dukan katako.

Maimakon in yi shiru sai na hau bayani. Na ce ai Excel kwana yake ƙirgawa, 1 ga Janairun 1900 shi ne lamba 1, 1 ga Janairun 2025 kuma 45658, to da na rubuta 15 a gaba sai ya nemi wata na sha biyar bai samu ba, ya ɗauki abin rubutu ne kawai, rubutu kuma a zane sifili ne, duk aikin da na ɗaure da dekin ya bi shi. Duk gaskiya ne fa. Baba ya ce wato ka san cutar. Na ce eh. Ya ce to maganin fa. Zufa ta karyo min, hannuna na rawa, kontirol da zed, maɓallan soke kuskure da nake dannawa sau ɗari a rana, ya ɓace min fat, na sake rubuta 15/9/2025, na rubuta da ɗigo, na rubuta da ɗan layi, bango na nan a 1900. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, Yaya ka sa tara a gaba. Autan Alhaji. Yaron da ko gemun masara bai kai ba. Na rubuta 9/15/2025, sanduna suka dawo tas har da launinsu, aka tafa wa yaro.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ba dariyar ba ce, wanda ya jawo ta ne. Baba Hedimasta tun ina aji biyar yake da ni, shi ya zane ni a gaban asambuli kan bakwai sau takwas, kuma har yau in muka gaisa sai ya tambaye ni. Ina da 'ya'ya biyu fa. Sannan mutumin nan ranar kaddamar da gidauniya ya karɓi lasifika ya yi alƙawarin siminti buhu 10, aka yi kabbara, yau shekara biyu ko ƙullin leda ba mu gani ba, in ma'aji ya tuna masa sai ya ce fansho. Amma yana da ƙarfin zagaya unguwa da labarina. A wurin suna ya bayar, a zaman makoki ya bayar, yanzu har ya kai wai na ce Lugga ne ya ba da gudummawar rodi. Da na sani da na ƙara layi ɗaya a jadawalin, simintin Baba, in bar ranar farawa a 1900 ɗin, can ya dace da shi.

Wani abokina injiniya ya ce laifina ne da ban yi da Microsoft Project ba, can kana gaya masa wane aiki ke jiran wane shi ke nan, har zai nuna maka da ja ayyukan da in ɗaya ya makara duk ginin ya makara. Na gwada a ofishinsu. Abin ya tsallake duk Asabar da Lahadi wai hutu, mu kuma leburorinmu ranar ma suka fi zuwa, Juma'a ce suke tashi da wuri, sai ka shiga kalandarsa ka gyara, ni kuma a lokacin raina ya riga ya fita.

Birkila dai ya ci gaba da rubuta kwanakinsa da gawayi a jikin bulo. Rodi ya iso, yanzu kuma tsakuwa ake jira. Caja ta tana cikin jaka, ko masallaci zan je.