Duhun Finland ya sa na ji abin da wayar salula ta ɓoye mana a kalangu

A Helsinki, babban birnin Finland, idan Disamba ta yi nisa, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 9 na safe, kuma ƙarfe 3 da 'yan mintuna ta faɗi. Yinin duka bai cika awa 6 ba. Can arewa a Lapland kuwa, akwai garuruwan da ake shafe makonni ba a ga ƙwayar rana ba. Mu a Zariya hunturunmu sanyi ne da hazo da faso, amma ko a tsakiyarsa yini ya haura awa 11, kuma da gari ya ɗan ɗumama za ka ga dattawa sun jeru jikin katanga suna shan hantsi.

Wannan dogon dare ne ya sa mutanen Finland, inda nake zaune, suka ɗauki sauraron kiɗa a gida da muhimmanci. Za ka shiga falon mutum ka tarar da lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, an janye su daga jikin bango, ga kujera a tsakiya daidai inda sautin ke haɗuwa. Idan ya sa faifai, zama yake yi ya saurara har ya ƙare, ba hira, ba latsa waya. Ba mamaki kamfanin Genelec, wanda ɗakunan ɗaukar waƙa a duniya ke amfani da lasifikarsa, ya tashi a wani ƙaramin gari na ƙasar nan mai suna Iisalmi tun 1978. Hatta ɗakunan karatu na gwamnati aron faifai suke bayarwa kyauta.

Ni ma na haɗa nawa daidai ƙarfina, amfilifaya na hannu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu. Abin da na ji da na sa kiɗan gida shi ya sa nake wannan rubutu.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyin jikinsa a hammata, fatar ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauko ta yi kauri. To wannan kaurin, wanda kake ji har a ƙirji, lasifikar waya ba ta iya fitar da shi, don ta yi ƙanƙanta. Abin da take ba ka shi ne ƙarar bugun kawai. A kan kayan sauti masu kyau kuwa, sai ka rarrabe babban kalangu da ɗan ƙaramin da ke bin sa, ka ji inda mawaƙi ya ja numfashi, ka ji 'yan amshi mutane ne daban-daban, wannan mai kaurin murya, wancan mai zaƙi. Na taso ina jin waɗannan waƙoƙi, amma rabin aikin makaɗan a nan na fara jin sa.

Kada a ɗauka na ce Turawa sun fi mu iya jin kiɗa. Akwai abin da ba su da shi. A yawancin gidajen haya a nan, ƙarfe 10 na dare na yi dole ka rage sauti, maƙwabcinka ma ba ka san me yake saurara ba. A Tudun Wada kuwa, 'yar rediyon mai shayi mai cin batir ta isa ta tara jama'a a daren sanyi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, ana kurɓar shayi. Mawaƙi na yin ɗiya, wato baitin waƙa, wani zai karɓi amshi, wani ya ce "Ai ka san da wa yake wannan zambon?", sai labari ya ɓarke. Waƙar Hausa da amshi aka gina ta, da kirari, da guɗa. Algaita da kakaki da tambari a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ba abin falo ba ne, kuma babu lasifikar da za ta maye min gurbinsu.

Damuwata ita ce halin da muka bar sautin kansa. Kayan sauti masu kyau ba sa rufa asiri. Yawancin tsofaffin waƙoƙinmu da ke yawo yau, daga kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset suka fito, wanda ƙurar hunturu ta ci, wanda aka sha naɗe zarensa da biro. Daga nan aka mayar da su MP3 mara nauyi don su shiga memori, masu tura waƙa a kasuwar Sabon Gari suka yi ta turawa, WhatsApp ya ɗauka. Duk lokacin da aka sake matse fayil, wani abu na zubewa, kuma ba ya dawowa. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Ba za su sake shiga ɗakin ɗauka ba. Abin da aka naɗa shi ke nan. Wallahi zuciyata kan sosu idan na ji muryar da ta girgiza Arewa tana fitowa cikin shuuu, kalangun ya dusashe.

Kuma muna da inda za a yi gyaran. Jami'ar Ahmadu Bello na nan Samaru tun 1962, da masanan da suka ƙare rayuwarsu kan waƙar baka. Kaduna, inda gidan rediyo ya naɗi makaɗa da yawa, tafiyar kusan awa guda ce. Abin da ake buƙata shi ne a nemo kaset da faifan garmaho na asali, a juye su sau ɗaya da na'ura mai kyau ba tare da an matse ba, a rubuta sunan mawaƙi da makaɗansa da shekara.

Don haka 'yan'uwa, mai kwalin kaset ɗin Baba a ƙarƙashin gado ko a cikin adaka, don Allah kada a ba yara su yi wasa da zaren, kada a zubar don rikoda ta mutu. A goge ƙurar, a sa a leda, a ajiye inda rana da damshin damina ba sa kaiwa, har a samu mai juyewa da kyau.