Ƙullin Shinkafa Da Hoton Mai Girma

Wai don Allah wa ya ba su shawarar sakin bidiyon nan? Kun dai gani. An tara mata tun hantsi a filin makaranta, tsofaffi da masu goyo, rana ta gasa su har azahar, sannan aka miƙa wa kowacce ƙullin shinkafar da bai kai kwano biyu ba. Hoton mai girma a jikin ledar ya fi shinkafar faɗi. Wani mai babbar riga ya karɓi lasifika yana cewa, "Iyayenmu mata, ku ɗaga sama kyamara ta gani." Suka ɗaga. Aka ce a yi guɗa, aka yi. Aka zo aka rubuta mana a ƙasa wai an ƙaddamar da gagarumin shirin yaƙi da talauci.

Gagarumi fa! Madalla, ranka ya daɗe. Talauci ya ji labari, yanzu haka yana can yana haɗa kayansa.

Ni dai zan faɗa ko da za a ce na cika baƙin ciki: rabon shinkafa ba aikin gwamnati ba ne. Sadaka aikin Alhaji ne mai shago a kasuwa, wanda ya nemo da guminsa ya ce bari ya fitar saboda Allah, kuma shi ma in mai tsoron Allah ne ba ya kiran mai ɗaukar hoto. Gwamnati ba Alhaji ba ce. Kuɗin da aka sayo shinkafar nan daga baitulmali ya fito, wato na matan nan ne da aka jera a rana. An ɗauki kuɗinki, an sayo miki kwano biyu, an manna hoton wani, sannan an ce ki yi godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ɗan yi lissafi, tunda masu babbar riga ba sa so. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar cewa ta tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan, kilo 600,000. Ɗauki Kano da ake ƙiyasta mutanenta sun haura miliyan 15. Raba ka gani. Kowane mutum giram 40 zai samu, ko rabin gwangwanin madara bai cika ba. Wannan kuma in an ɗauka babu buhun da ya yi ɓatan kai a hanya, babu wanda ya sauka a gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa, babu wanda aka sauya wa buhu ya koma kasuwa. Ni da ku mun san yadda ake yi. Mun ga abin da aka tarar a rumbunan ajiya a watan Oktoban 2020, kayan tallafin korona jibge, mutane na kwana da yunwa a waje.

To me aka karɓe kafin a kawo giram 40 ɗin? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Aka saki naira ta nemi ƙasa. Hukumar ƙididdiga ta gwamnatin da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magidancin da yake auno kwano uku ya koma auno ɗaya, gidan da ake ɗora tukunya sau uku aka koma sau ɗaya, shi ma sai la'asar don ya riƙe yara har dare. Sai aka ce za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata uku. Naira 75,000 ke nan gaba ɗaya, a lokacin da buhun shinkafa guda ya kai haka ko ya wuce. Kafin ma a je ko'ina, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585 da aka nemi tura wa asusun wani mutum. Ma'aikatar da aka kafa don talaka ke nan.

Kuma kada wani ya ce min ai ƙasar ce babu kuɗi. A lokacin da aka ce mu ɗaure ciki aka sayo wa 'yan majalisa motocin da aka ce kowacce ta kai naira miliyan 160. Aka kammala gidan mataimakin shugaban ƙasa kan biliyan 21. Aka sayo sabon jirgin shugaban ƙasa. Su ba a ba su giram 40 ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shinkafar nan har kisa take yi. A Fabrairun 2024 mutum 7 suka mutu a turmutsitsin sayen shinkafar kwastan a Legas. Watan da ya biyo baya ɗalibai mata biyu suka rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi, wajen rabon tallafin gwamnatin jiha. 'Yan mata da iyayensu suka tura neman ilimi, aka mayar da gawarsu gida saboda ƙullin shinkafa. A Disamba kuma, cikin mako guda, Ibadan da Okija da Abuja, mutum sama da 60, yawancin na Ibadan ƙananan yara. Za a ce ai waɗannan na ƙarshe ba gwamnati ce ta shirya ba. Na ji. Amma wa ya kai mutane matakin da uwa za ta goya jariri ta kwana a bakin ƙofa don kada kwano ɗaya ya wuce ta?

Na san yanzu sojojin baka za su cika min ƙasan rubutu da "da babu gara ba daɗi". Malam, ajiye wannan karin maganar, ba nan ne wurinta ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya samu kyauta daga wanda ba ya bin sa komai. Wanda kake bi bashin buhu ya kawo maka tafin hannu, ba ka ce masa da babu gara ba daɗi, tambayarsa kake ina saura. Masu cewa ni ɗan adawa ne kuwa, ku koma baya ku duba abin da na rubuta lokacin Tradermoni, da aka riƙa bin kasuwanni ana raba naira 10,000 dab da zaɓen 2019. Jam'iyya ce ke sauyawa, ledar ba ta sauyawa.

Tun yaushe muke wannan wasan? Obasanjo na soja ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya kawo nasa na juyin noma, Babangida ya kawo hukumar raya karkara ta DFRRI, matarsa ta kawo Better Life, a 2001 aka kafa hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP wadda babu abin da ya rage mana nata sai sunan Keke, aka yi SURE-P, aka yi N-Power, aka gina dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 aka ɗauki hoto. A ƙarshen 2022 ɗin dai hukumar ƙididdiga ta fito ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da tsabtataccen ruwa, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato kashi 91. A cikin mutum goma, tara. Wace tirela ce za ta ɗauke wannan?

In kana son ganin aikin gwamnati, ɗauki hanyar Zariya daga Kano ka tsaya a Kura ko Kadawa cikin watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus. Za ka ga ruwa na gudu a magudana, shinkafa kore shar, alkama, albasa, masara, kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana loda wa manyan motocin da za su yi Kudu. Yaro ɗan shekara sha biyar yana samun na kansa a ɗaukar kwando, mai abinci na ciniki, mai faci na ciniki, mai saƙa kwandon ma yana ci. Ruwan nan daga Tiga yake zuwa, madatsar da aka gina zamanin gwamnan Kano na soja Audu Bako, mutumin da ya bar mulki tun 1975. Shekara hamsin ke nan tana ciyar da mutanen da ba su ma san kamanninsa ba, kuma babu wanda aka taɓa cewa ya ɗaga tumatirinsa sama kyamara ta gani. A 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, abin da Malam Aminu Kano ya daɗe yana yaƙi a kai. Ba su raba ko ƙwaya ba, sun dai bar wa talaka kuɗinsa a aljihunsa, kuma har yau tsofaffi na ambatonsu.

Yanzu fa? Manomi a Zurmi ko Maru ko Batsari ko Birnin Gwari sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, in an ga dama kuma a ɗauke shi a gonar a nemi kuɗin fansa. Harajin da aka soke ya dawo, sai dai mai karɓar yanzu bindiga ce a kafaɗarsa. Mutumin da yake cika rumbu uku ya zama ɗan gudun hijira a kangon makaranta, shi ne kuma za ka kira ka ba kwano biyu ka ce ka taimake shi. Ka mayar da shi gonarsa lafiya mana, ka ga ko zai sake kallon ledarka. Takin da aka sayar naira 5,500 a 2017 yau ya ninka sau biyar ko fiye. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Katsina fa, ƙasar gero da dawa.

Ga wuta. A Oktoban 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe sama da mako a duhu. Mai walda ya rufe, mai niƙa ya ƙara kuɗi, mai ƙanƙara ya zubar da jarinsa, tela ya rasa ɗinkin mutane. Je ka Kakuri a Kaduna ka ga masaƙun da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata sun zama kufai, je ka Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano ka ƙirga nawa ke hayaƙi. Kowace masana'antar da ta mutu, gidaje ne suka shiga layin shinkafa.

Kwanaki na raka matar ƙanina wani ƙaramin asibiti da naƙuda cikin dare. Kafin a taɓa ta aka miƙo takarda: safar hannu, auduga, sirinji, ruwan ƙari, reza, har da man wanke ƙasa. Babu wuta, da fitilar waya ungozomar ta karɓi haihuwar, wata mai shara ce ke haska mata. Ungozomar nan ita kaɗai ce a bakin aiki, ga mata biyu na jira a kan benci, ɗaya mijinta ya fita neman rancen kuɗin takardar bai dawo ba. Ciwo ɗaya ya isa ya cinye akuyar gida da keken ɗinki da jarin ƙosai. Nan ne talauci ke shigowa, ta ƙofar asibiti da ƙofar gona, ba ta inda kuke tsaye da kyamara ba.

Masu cewa mutanenmu ne ragwaye, su tashi su nema, ba zan ma ɓata yawu a kanku ba. Ku fito da asuba ku ga mai ruwa yana tura kura da jarka goma sha biyu, ku ga tsohuwa na suyar waina tun kafin kiran sallah. Masu cewa arziki da talauci duk na Allah ne, haka ne, babu musu. Amma Sayyidina Umar ya fi mu sanin haka, kuma a shekarar fari ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu, fatarsa ta sauya saboda yunwa. Bai tura wa talakawa wa'azin haƙuri daga kan teburin cin abinci ba. In za a kawo addini, a kawo shi duka.

Gwamnoninmu kuma kada su laɓe bayan Abuja. Tun da aka cire tallafin mai, abin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya haura naira tiriliyan guda. Kuɗin da aka cire daga tankin ɗan acaɓa hannunku ya faɗo. Ina yake? Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku tambayi kansilan unguwarku ko ya ga alama. Gadar sama a birni, ƙauye babu rijiyar burtsatse, yara na zaune a ƙasa a ajin da babu rufi. Ruwa, wuta, tsaro, asibiti, makaranta, taki da hanyar fito da amfanin gona. Shi ke nan aikin da aka ɗauke ku. Babu shinkafa a ciki.

Wallahi ba na ganin laifin matan nan ko kaɗan. In da ni ne na bar yara a gida babu abin ɗorawa, da ni ma na shiga layin, na ɗaga, na yi guɗar in an ce in yi. Yunwa ba ta san kunya ba. Allah ya kawo musu mafita ta inda ba sa zato, ya sa 'ya'yansu su fi ƙarfin wannan layin.

Ku kuma samarin da na gani a ƙasan bidiyon kuna jera lambar akawun, "Oga a taimaka da na data", "Allah ya maimaita mana", ku ne ma kuka fi ba ni haushi yau. Wani na duba shafinsa, digiri gare shi a fannin tattalin arziki, har da hoton hular kammalawa. Ya rubuta lambar Opay sau uku a wuri ɗaya, ko an ce masa mai girma da kansa yake karantawa? Wani yaro ne irinku ke riƙe da shafin mai girman, shi ma wata biyu ba a biya shi ba. Kuma don Allah ku daina saka sunana a waɗannan rabon katin wayar, wayata ta cika da sanarwa, caji kuma sai na kai shago na biya naira ɗari biyu.