Fasahar ta yi nasara, kuɗina ne bai dawo ba

Shekara uku ke nan akwai wata manhaja a wayata da ba na buɗewa, kuma na kasa goge ta. Ta cikinta na sayi hannun jarin wani kamfanin fasaha da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ban yi gaggawa ba. Sai da na yi karatu, na saurari masana, na gamsu cewa abin da kamfanin ke ƙerawa duniya za ta buƙace shi. Duniyar kuwa ta buƙace shi, yau ko'ina ka duba ana amfani da irinsa. Amma abin da ya rage mini bai kai rabin abin da na zuba ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, jama'a: hasashena a kan fasahar ya yi daidai, duk da haka na tafka asara.

Na daɗe ina ɗauka ni kaɗai ne, har sai da na koma tarihin shekarar 2000. A lokacin duk kamfanin da ya liƙa sunan intanet a jikinsa, mutane rububin hannun jarinsa suke yi. Ranar 10 ga Maris na shekarar, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ya kai maki 5,048. Kafin ƙarshen 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai 2015. Shekara goma sha biyar! Wanda ya zuba kuɗin karatun jaririnsa, sai da yaron ya kusa gama sakandare kafin uwar kuɗin ta dawo, in ma ya iya haƙurin jira. Kamfanin Pets.com, mai sayar da kayan dabbobin gida ta intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a farkon 2000, kafin shekarar ta ƙare ya rufe. Ko Amazon da ya tsira, sai da hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 90.

To amma waɗannan mutane ƙarya suka gaskata? Ko kaɗan. Sun ce intanet za ta sauya ciniki da sadarwa da karatu, ta kuma sauya su fiye da yadda suka zata. Kamfanoni irin su Global Crossing sun kashe biliyoyin daloli suna shimfiɗa wayoyin intanet a ƙarƙashin teku, suka durƙushe a 2002, wasu suka saye kayan da araha. Wayoyin suna nan, duniya ta ci moriyarsu. Wani ya yi shuka, wani ya girbe. Tambayar "wannan fasaha za ta yi tasiri?" daban take da tambayar "wa zai ci ribarta, yaushe, kuma a kan wane farashi na shiga?" Masu talla suna amsa mana ta farko da babbar murya, mu kuma sai mu ji kamar sun amsa ta biyu.

Akwai inda zamba ce tsagwaronta. Kamfanin Theranos ya ce zai yi gwaje-gwajen lafiya masu yawa da ɗigon jini, aka yi masa ƙima ta dala biliyan 9, daga baya kotu ta ɗaure shugabarsa Elizabeth Holmes fiye da shekara 11. Kasuwar kirifto ta FTX ta rushe a Nuwamban 2022, mai ita Sam Bankman-Fried ya samu ɗaurin shekara 25. A irin wannan aƙalla akwai wanda za ka nuna da yatsa. Wanda ya fi wuyar haɗiyewa shi ne inda ba a ɗaure kowa ba, romon baka ne kawai da zumuɗi. Kamfanin ba da hayar ofisoshi na WeWork ya kai ƙimar dala biliyan 47 a 2019, a 2023 ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Facebook ya sauya suna zuwa Meta a 2021 don wata sabuwar duniya ta cikin intanet da aka ce a cikinta za mu riƙa aiki da zumunci, sashen da ke gina ta ya yi asarar fiye da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai. A 2019 Elon Musk na kamfanin motoci na Tesla ya ce zuwa 2020 za a ga motocin haya masu tuƙa kansu miliyan ɗaya a kan titi. Shekarar ta zo ta wuce. Wataƙila wata rana a gan su, amma mai jari da ranar da aka ambata ya yi lissafi.

Kada wanda bai taɓa sayen hannun jari ba ya ce abin bai shafe shi ba. Shi ma ya zuba jari, da lokacinsa da hankalinsa. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa jikokin mutanen zamaninsa sa'a 15 kacal za su riƙa aiki a mako, saboda injuna za su ɗauke musu nauyi. Injunan sun zo, har sun shiga aljihunmu. Saƙon da a da yake ɗaukar mako yanzu cikin daƙiƙa yake isa, shi ya sa ake son ka amsa cikin daƙiƙa, ko da tsakar dare ne. Lokacin da aka ce za a rage mana an rage shi, amma ba a hannunmu ya tsaya ba. Mutum ya tashi daga aiki, aikin ya biyo shi har kan shimfiɗarsa. Dandalin da aka ce zai haɗa zumunci, ga mu a ɗaki ɗaya kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Ni dai da na zauna na yi wa kaina hisabi, na gane ba adadin kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. Tun kafin ribar ta zo na riga na kashe ta a zuciyata. Na biya bashi, na ɗauke wa iyayena nauyi, na bar aikin da ya ishe ni, duk a cikin raina. Sa rai da ci shi ke kawo yunwa. Da farashi ya faɗi, wata rayuwa ce sukutum da na fara zama a cikinta ta rushe, ga kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Wanda ya ci riba yana saka hoto kowa ya gani, wanda ya faɗi sai ya yi gum. Sabon shiga kuma sai ya ga kamar kowa samu yake yi.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ce ake yayi, kuma na yarda za ta yi tasiri, ina ma amfani da ita. Kwanan baya ƙanena ya zo da zumuɗi zai zuba ajiyarsa a wani kamfaninta. Ban hana shi ba. Na ɗauko wayata, na buɗe manhajar nan karon farko cikin shekara uku, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon jan layin da ya gangara ƙasa, sannan ya tambaye ni ko kamfanin ya mutu ne. Na ce masa yana nan da ransa, har ma kayansa sun fi na da kyau.