Gara ta riga ni kaiwa babi na biyu

Ranar sunan jaririn Yaya ne, an gama cin waina ana zaune a ƙarƙashin rumfa, sai Kawu ya ɗaga murya: "Injiniya, zo ka rubuta wa yaran nan littattafan da za su karanta su iya wannan aikin kwamfuta naku." Su uku ne: Auta da ta gama sakandare, ɗan Kawu da ke aji biyu a jami'a, sai wani mai gilashi da ke aiki a banki.

Na karɓi biro na juya bayan katin gayyata. Auta na ba ta Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, mai koyar da Python, yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, tunda kyauta ake karanta shi a intanet, kuma yana nuna wa mutum yadda zai sa kwamfuta ta sauya wa tarin fayiloli suna ko ta tsamo lissafi daga Excel. Na ja mata kunne kada ta sayi tsohon littafin Python 2 a wajen masu baza littattafai a bakin titi, domin an daina kula da shi tun 2020, ko print ta rubuta babu baka biyu sabon Python zai yi mata tsawa. Ɗan Kawu na rubuta masa The C Programming Language na Kernighan da Ritchie, bugu na biyu na 1988. Bai kai shafi 300 ba, amma a nan ne mutum ke sanin inda kwamfuta ke ajiye abu a ƙwaƙwalwarta. Har nan babu wanda zai ce ban yi aikin kirki ba.

Da na zo kan mai gilashi sai na gyara zama. Na ce shi da ya yi nisa, sai The Art of Computer Programming na Donald Knuth. Na ce juzu'in farko ya fito tun 1968 kuma har yau malamin bai gama rubuta sauran ba. Na ce duk wanda ya gano masa kuskure a ciki yakan ba shi tukuicin dala 2.56. Rumfa ta yi tsit, har mai raba lemo ya tsaya. Sai na ƙara da cewa, "Ai ni ma ina da shi a shago, kusan kullum sai na leƙa."

Kawu ya ce, "Auta, je ki ɗauko mu gani."

Ta dawo rungume da shi tana hure ƙura. Zoben gindin kofin shayi ne a kan bangon, ba ɗaya ba. Kawu ya goge hannu a babbar riga, ya yi bisimilla, ya buɗe. Shafukan farko lafiya lau, har da layin da na ja da jan biro a gabatarwa, na kuwa nuna masa da yatsa. Ya ƙara buɗawa, takardu suka ƙi rabuwa, danshin damina ya manne su. Ya sa babban yatsa ya ɓamɓare, sai jar ƙasa ta zubo masa a cinya. Jama'a, gara! Ta haƙa hanya tun daga wajen lissafin nan na babi na ɗaya, ta ratsa ta cikin MIX, kwamfutar da Knuth ya ƙirƙira a takarda don misalansa, ta ɓulla can cikin babi na biyu. Biyu daga cikinsu ma suna nan da ransu, suna tafiya a kan farar shaddar Kawu ba tare da wata gaggawa ba. Kawu ya dube su, ya dube ni, ya sake dubansu. Bai ce komai ba, wanda da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mijin Anti ne ya yi magana: "To Injiniya, ɗaliban nan naka sun fi ka nisa a karatu."

Shi fa! Mutumin da duk iliminsa na kwamfuta difloma ce ta wata shida a shagon buga takardu, wanda har gobe da yatsa ɗaya yake danna madannai, wanda ya kira ni ƙarfe sha ɗayan dare wai rubutunsa duk ya koma manyan baƙaƙe. Filashina yana hannunsa tun bikin Ummi, kullum "gobe zan aiko yaro". Dariya yake yi har da buga ƙafa, hularsa ta faɗo cikin kwanon miya, amma babu wanda ya kula da wannan, kowa ni yake kallo. Ya maimaita maganar ga waɗanda suka shigo daga baya, sannan ya leƙa cikin gida ya faɗa wa mata.

Mai gilashi dai ya ɗauki hoton bangon da wayarsa, ya tambaye ni ko akwai wanda ya fi wannan sauƙi. Auta kuma ta turo mini saƙo jiya wai madaukinta, wato umarnin da ta rubuta a Python mai maimaita kansa, ya ƙi tsayawa, ban buɗe ba tukuna. Kawu ya aiko mai feshi shagona, kuma wai ni zan biya.